Kafaɗar Silverio

A garinmu ba a tambayar shekarun mutum kafin a bar shi ya ɗauki waliyyi ranar idinsa. Kafaɗa ake aunawa. A ƙofar cocinmu akwai ginshiƙan farin dutse shida da Rumawa suka kafa wa allolinsu, kakanninmu suka zo suka gina coci a kansu. Jikin na uku akwai wata tsaga. Duk wanda kafaɗarsa ba ta kai ta ba, ba ya shiga ƙarƙashin katakon da ake ɗora mutum-mutumin waliyyi, don gajere a cikin dogaye rakiya kawai yake yi, nauyin yana kan wasu.

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗauka. Alkawari na yi ranar da teku ta kife jirginmu na kamun kifi, ta watso ni gaɓa da raina, cewa muddin ina numfashi sai na ɗauki waliyyi. Bana na jingina da ginshiƙin kamar kullum, har ina zuba surutu, sai na ga Onorato, shugaban masu ɗauka, yana duban kafaɗata yana duban tsagar.

"Miƙe sosai, Silverio."

"A miƙe nake."

"To saura yatsa biyu."

"Ƙarya ne! Dutsen ne ya ƙara tsawo."

"Shekara dubu biyu bai ƙara ba sai bana?"

Matasa suka kwashe da dariya. Wani mara kunya ya ce, "Kawu, ko a jiƙa ka kamar busasshen kifi ko ka ɗan kumbura?"

Na koma gida raina a ɓace. Matata Civita ta ajiye mini taliya da ƙananan kifi, ban ko kalle ta ba.

"Maigida, mu kai takalminka a ƙara masa dunduniya mana. Wa zai sani?"

"In yaudari waliyyin da ya tsamo ni daga ruwa? Bar ni, Civita."

Ni dai na riga na yanke cewa Onorato ramuwa ya yi. Shekara ashirin ke nan ba ma ga maciji da shi, tun wata rigima a kan wurin ɗaure jirgi.

Ranar idi na bi baya cikin tsofaffi, da kyandir a hannu, kunya kamar in nutse. Aka sauka bakin ruwa, Fada, limamin coci, ya sa wa jirage albarka, aka juyo. Ina kallon wani dogon ɗan mahauci a gurbina, yana tafe yana washe wa 'yan mata baki.

Muka iso gindin matakalar coci. Ta Rumawa ce ita ma, hawa ashirin da biyar, kowanne ya kusa kai gwiwa. A nan kowace shekara na gaba suke shan wuya, sai sun durƙushe suna hawa don kada waliyyi ya karkace baya. Onorato ya buga sandarsa a ƙasa, kowa ya tsaya.

"Silverio! Kai da Erasmo mai burodi, ku miƙa wa matan nan kyandir ɗinku ku zo."

Ɗan mahauci ya ce, "Ai ba su kai tsaga ba, shugaba."

"Tsaga ta shimfiɗaɗɗiyar hanya ce. Nan hawa ne, gajeru nake so a gaba. Matsa!"

Na shiga. Katako ya sauka a kafaɗata daidai inda ya saba zama, da nauyinsa duka, ba rakiya ba. Muka hau a tsaye cak, waliyyi bai ko girgiza ba. Hawaye da gumi suka rufe mini ido, hawa nake ƙirgawa da ƙafa. Ban taɓa jin daɗin nauyi irin na ranar ba.

Da aka sauke shi a cikin coci, na nemi Onorato. Na shirya magana mai tsawo, amma abin da ya fito kaɗan ne.

"Na gode, Onorato. Allah ya saka."

Ya kau da kai yana goge wuya da hankici.

"Tun ranar awo nake auna matakalar nan da igiya, matata har ta ce na haukace. Ka ci abinci, tsoho. Kada ka ƙara raguwa, baɗi ma da kai za mu hau."