Ƙasar Cikin Tandu

Saura kaɗan in ƙi rubuta wannan. Sau biyu Malama Zulaihatu ta wurin aikinmu tana ba ni takarda ina mayar mata da ita fara, don ni a aji huɗu na firamare na tsaya, kuma ko a lokacin ba ni ce mai ɗaga hannu ba. Ta ce ba jarrabawa ba ce, in faɗi yadda abin ya faru kawai, za ta saka a fayil ɗin kayan. Shi ya sa na zauna.

Sunana Hauwa'u, amma Kulu ake ce mini. A Unguwar Rogo muke. Aikina shara ne da goge-goge a wani ƙaramin gidan tarihi a nan Sakkwato, ba babban da kowa ya sani ba. Masu zuwa kallo ɗaki uku suke gani. A baya akwai na huɗu, ɗakin ajiya, inda kaya suka fi yawa: takardun da aka rubuta da hannu, akusa, tsofaffin riguna, kayan noma. Malam Junaidu ne mai kula da shi. Ya shekara ashirin a wurin, kuma ban san abin da yake tsoro kamar gara ba. Ya taɓa nuna mini wani akwati da ya buɗe ya tarar takardun ciki sun zama ƙasa. Tun ranar da na fara aiki ya ce mini, "Kulu, in kin ga jar ƙasa ga bango ko ga itace, yar da tsintsiya ki kira ni. Ko salla nike, tsaya bakin tabarma ki jira ni."

A daminar bara aka fito da wani shiri. Mutanen unguwanni su kawo tsofaffin kayan gidajensu aro na wata uku, a baje su, kowane da kati mai sunan gidan da labarinsa. Malama Zulaihatu ce mai rubuta katunan. Bakanuwa ce, aure ya kawo ta. Ita ta bi masu unguwa ɗaya bayan ɗaya har Kalambaina tana bayani.

Da na ji, sai tandun Kaka Mode ya faɗo mini a rai.

Kaka Mode mahaifin babana ne, kuma tandu yake yi, wato irin kwalbar nan ta fata da ake zuba man shanu ko kwalli. Yakan kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayin gero ya gina siffar abin da yake so, ya shanya. Sai ya jiƙa fatar shanu, ya kankare ta siriri-siriri, ya riƙa liƙawa a jikin yumɓun har ya rufe shi. In fatar ta bushe ta yi tauri, sai ya ɗauki wani guntun sanda ya bubbuga, ƙasar ta farfashe, ya zazzage ta ta baki. Ina ƙarama ni ke tankaɗe masa ƙaiƙayi. Amarya yake ce mini, yana cewa ƙaiƙayin nan shi ne tuwon da na iya, kuma da shi zai haƙura.

Na ƙarshen da ya yi, ina tsaye ya ɗaga shi ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara. Ya ce, "Bai yi ba, amarya. Sai ya ƙara kwana biyu ga rana." Washegari ya kwanta, bai sake tashi ba. Baba mahauci ne, bai koyi tandu ba. Ya ɗora wannan na ƙarshen a kan durowa da ƙasarsa a ciki, ya shekara goma sha ɗaya a nan.

Kwana uku ina juya magana kafin in tambayi Baba. Ya ce, "Ɗauki. Amma ki maido min shi yadda kinka ɗauke shi."

Ranar Alhamis da ake karɓar kaya, tsakar gidan ya cika. Wani tsoho daga Gidan Dare ya kawo garma, yana musu da Malama Zulaihatu cewa sai ta rubuta sunayen kakanninsa bakwai a katin, tana ce masa katin ba zai ɗauka ba. Tandun yana cikin hijabina. Na shiga layi, na fita, na sake shiga. Da na ga saura mutum biyu a gabana, kuma sai na yi bayani kowa yana ji, sai na kasa. Na lallaɓa na ajiye shi a ƙarshen tebur, na koma ga tsintsiyata. Na ce a raina gobe zan faɗa mata ita kaɗai. Gobe ta zo ban faɗa ba.

Ranar Litinin da safe ina share barandar ɗakin ajiya, sai tsintsiya ta turo wani ɗan guntun ƙasa, bai kai ƙwallon dabino biyu ba. Na duƙa don in ga ko gara ce, kamar yadda aka koya mini. Sai na ga ƙaiƙayi a jikinsa, da wani ɗan lotsawa a gefe ɗaya. Na san lotsawar. Kaka Mode yakan danna bakin yumɓun da babban yatsa in ya gama gini, kullum haka.

Na ɗaga kai. Tandun yana kan benci a waje, nesa da ƙofa, an ɗaure shi cikin farar leda. An liƙa takarda an rubuta GARA da manyan baƙaƙe. Ga wata doguwar ƙusa a gefensa.

Malam Junaidu ya fito da sauri yana gyara hula, an kira shi taro a ofis. Ya ce, "Kulu, kada ki kusanci wanga. Cike yake da ƙasa har wuya, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Ba suna, ba mai shi. Na fara haƙewa, in na yi azahar in ida, in fesa mai magani."

Na buɗe baki. Kafin wani abu ya fito ya riga ya kai ƙofa.

Na share ɗaki uku ranar ban san na share ba. Guntun yana ƙulle a bakin zanena. Na yi tunanin in ɗauke tandun in gudu da shi gida, amma mai gadi yana duba jakar kowa, kuma sai a ce mai shara ta yi sata. Na je ofishin Malama Zulaihatu na tsaya a ƙofa. Ta ɗago ta ce, "Kulu, shara ce? Shigo mana." Na shiga na share mata ƙarƙashin tebur, wanda na riga na share da safe, na fito.

Bayan azahar na ji ƙarar ledar ana kwancewa. Malam Junaidu ya sa safar hannu, ya zauna a benci, ya ɗauki ƙusar. Malama Zulaihatu tana tsaye da littafinta don ta rubuta abin da aka yi.

Ban san lokacin da na isa gabansu ba.

"Malam."

"Na'am, Kulu. Kin ga wata garar?"

Na kwance bakin zane na miƙa hannu. Na ce, "Ba gara ba ta."

"Mi kinka ce? Ɗaga murya, ɗiyata. Kunnuwana sun yi ritaya sun bar ni ga aiki."

"Yumɓu na, Malam. Ga ƙaiƙayi ciki. Gara cin ƙaiƙayi takai, ba ta kwaɓa shi."

Malama Zulaihatu ta rufe littafi. "Ikon Allah! Ashe Kulu tana da murya. Wata takwas ina zaton sai da tsintsiya take hira."

Malam Junaidu bai yi dariya ba. Ya ajiye ƙusar, ya karɓi guntun, ya ciro gilashin da yake duba ƙananan rubutu da shi. Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya leƙa bakin tandun ya murza ƙasar tsakanin yatsu.

"Babu hanya ciki," ya ce a hankali. "Gara hanya takan yi. Wanga rami fa?"

"Babban yatsan kakana na."

Sai na faɗa musu, ina kallon ƙasa. Na rikita bayanin, na fara da sanda kafin fata, sai da Malama Zulaihatu ta ce in koma farko. Da na gama, Malam Junaidu ya cire safar hannun ya ɗora a gwiwa.

"Ke kinka kawo shi?"

Na gyaɗa kai.

"Kina nan kina shara kusa gare ni, ni ko ina haƙar aikin kakanki da ƙusa? Haba Kulu." Ya kalli ƙusar. "Ni ma ban tsaya na duba ba. Na ga ƙasa, hankalina ya tashi. Tanduna shida gare ni cikin gilashi, kuma ban taɓa ganin wanda ba a zazzage ba."

Can sai ya ce, "To amma bari in tambaye ki. In ƙarshen aikin shi na a fasa ƙasar, mi za ya hana mu ida mai?"

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kaka ya ce sai ya ƙara kwana biyu."

Na ga Malama Zulaihatu ta so yin murmushi, sai ta fasa. Ta tambaye ni yaushe ya faɗa. Na ce shekara goma sha ɗaya ke nan. Sai na ƙara da cewa 'yan makarantar da ke zuwa kallo, in sun tsaya gaban waɗancan shidan, cewa suke yi duma ne. Ina ji ina goge gilashi.

"Duma," in ji Malam Junaidu. Ya girgiza kai. "Shekara ashirin."

Ya mayar da tandun cikin ledar, ya ɓanɓare takardar da ya liƙa, ya miƙo mini guntun. Ya ce ba zai sake taɓa shi ba, amma akwai ƙa'ida biyu. Abin da babu suna ba ya shiga ɗakin kallo, kuma ranar Laraba za a rufe jerin kayan da za a baje. Sannan in kayan aro ya samu lahani, sai an gaya wa mai shi, shi zai ce a baje ko a mayar masa. Ya ce zai bi ni gida ya ba Baba haƙuri da bakinsa. Na ce a'a, ni na yi alkawarin, ni zan faɗa. Shi ma zai zo daga baya, in ji shi.

Bayan la'asar Baba ya dawo daga kasuwa, yana wanke hannu a bakin rariya. Na durƙusa na ajiye guntun a kan faifai, na gaya masa duka, har da yadda na ajiye tandun a tebur na gudu. Ya goge hannu ya ɗauka. Ya sa babban yatsansa a cikin lotsawar, yatsan ya yi mata girma.

"Na ce ki maido shi yadda kinka ɗauke shi."

"Haka kac ce, Baba."

"Da kin buɗe baki ranar Alhamis, da ba a kai nan ba."

"Haka na."

Ya daɗe yana kallon guntun. Ya tambaye ni ko mutumin ya san mene ne tandu. Na ce yanzu ya sani. Ya mayar da guntun kan faifan, ya ɗauki buta ya fita masallaci. Bai ce a baje ba, bai ce a mayar ba, ni kuma ban iya sake tambaya ba.

Washegari da na fito, ya riga ya tafi mahauta. A kan takalmina na tarar da guntun sandan Kaka Mode, wanda yake bugun tandu da shi, an naɗe shi da tsumma. Rabona da ganinsa tun ina ƙarama, ban ma san Baba ya adana shi ba. Na gane amsarsa ke nan: a baje.

Na isa wurin aiki kafin kowa sai mai gadi, na nuna masa abin da ke jakata. Da Malama Zulaihatu ta zo, na roƙe ta kati ɗaya da biro. Ta ce in faɗa ta rubuta, na ce zan gwada. Na ɓata biyu. A na uku na rubuta: "Tandun Malam Mode na Unguwar Rogo. Ƙasar ciki yumɓu ce da ƙaiƙayi, a kanta ake gina fatar. Bai kai ga fasa ta ba. A bar ta." A ƙasa na sa sunan Baba, sannan nawa.

Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan benci, na jera tandun da sandan da guntun, lotsawar tana kallon sama, na jingina katin. Sai na ƙwanƙwasa ƙofar Malam Junaidu, na yi sallama da ƙarfin da zai ji.