Sarƙa a Ƙofar Baya

Shekara ashirin da biyu Uwar Guga ta yi a masana'antar ɗinki, ba a taɓa jin muryarta ta fi ƙarar kekuna ba. Teburinta na can ƙuryar zaure, dab da ƙofar baya da aka yi domin gudun gobara. Ranar da Manaja ya sa aka ɗaure ƙofar da sarƙa da kwaɗo, wai ana sulalewa da yadi, kallo ɗaya ta yi ta ci gaba da gugarta.

Wadda ta ƙi yin shiru ita ce Mai Maɓalli, wata siririyar mata mai 'ya'ya biyu. Ta rubuta takarda a cire sarƙar, ta bi keke-keke neman sa hannu, kowa ya sunkuyar da kai kan ɗinkinsa. Ta miƙa wa Manaja da sunanta ita kaɗai, aka dakatar da ita. Washegari sai ga ta a bakin get da kwali: MU TAMANIN, ƘOFA ƊAYA.

Ma'aikata na wucewa suna yi mata raɗa. A rana ta uku Uwar Guga ma ta rage tafiya, ta waiga ko maigadi na kallo, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ƙanwata, muna goyon bayanki."

"Anti, 'ya'ya nawa kika goya?"

"Shida."

"Akwai wanda kika goya a ɓoye? Goyo ai ganinsa ake yi, kuma nauyi gare shi. Wannan naku sannu ce, na gode, amma a daina ce mata goyon baya."

Uwar Guga ta shige ciki. Riga uku ta goge, a ta huɗu ta tsaya tana kallon kwaɗon, ga tarin yadi har rufi, ga wayoyin wuta a saƙale bisa kawunan mutane. Ta zare filogin dutsen guga, ta gyara ɗankwali, ta nufi ofis.

"Ranka ya daɗe, na zo in faɗa maka da bakina, kada ka ji a bakin wani. Ina goyon bayan matar nan."

Manaja ya yi murmushi. "Haba Baba, wa ya hana? Ki goya a zuci, ki koma bakin aikinki."

"Zuciyar ta gaji, yau bayan ne zai ɗauka."

"In kika fita get ɗin nan, kin fita ke nan."

"To ka ga amfanin ƙofa a buɗe."

Ta ratsa zauren kekuna na tsayawa ɗaya bayan ɗaya. A waje ta kama gefen kwalin, ta ce, "Matsa, ke kin cika baki." Kafin azahar sun zama biyar. Sauran na leƙe ta taga.

Kwana tara suka yi a rana kafin jami'an kashe gobara su zo su datse sarƙar. Aka mayar da huɗu bakin aiki. Uwar Guga kuwa Manaja ya aiko mata maigadi har gida: ta dawo Litinin, amma sai ta ba da haƙuri a gaban ma'aikata.

Tana zaune ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, ta ce, "Ka ce masa Litinin ina nan tafe. Haƙuri kuwa ya shirya nasa, zan tsaya in saurara."