Kwantenar Halliru da Irin Waken Inna

Halliru mutum ne da bai iya cewa "ban iya ba". Magini ne, rabin katangun ƙasa na unguwarsu a Bukkuyum hannunsa ne. To da ruwan bara ya kayar da rumbun gidansu, sai ya rantse ya gama da laka wajen ajiyar hatsi, ya je ya sayo tsohuwar kwantena, irin ɗakin ƙarfen nan mai taga da masu aikin hanya ke kwana a ciki.

Arha ta yi, kuma arha ba ta ado. Yana buɗe ƙofa warin funfuna ya mare shi. Katakon ƙasa ya yi laushi kamar burodi a shayi, bangon ciki duk baƙin tabo.

Mahaifiyarsa, Inna Sahura, ta leƙa sau ɗaya ta ja baya. A ɗakinta akwai tulu biyu na irin wake, wani fari mai saurin nuna da marigayi mahaifin Halliru ya shekara talatin yana zaɓa da hannu. Babu shi a kasuwa, in ya lalace ya tafi ke nan. Ɗakin nata kuwa yana yoyo, ga damina ta kankama.

"Waken ubanka ba shi shiga wanga akwati," in ji ta.

"Kwana ukku, Inna. Ki ba ni kwana ukku."

Ya ɓamɓare ruɓaɓɓen katako ya sa sabo, ya kankare tsatsa, ya shafa jan fenti, ya narka kwalta ya toshe ramukan rufi. Robar taga da ta mutu ya maye ta da tsohon tib na babur. Duk wannan daidai ne. Sai hannun magini ya motsa: ya kwaɓa laka ya yaɓe gindin kwantenar kewaye, tsaf, yadda ake wa katanga don kada ruwa ya ci ta. Ya ja baya yana kallon aikinsa, har da murmushi.

Aka yi ruwa biyu. Sabon katakon ya fara gumi, warin ya dawo har ya fi na da.

Inna ta zo ta zungure yaɓen da sandarta, laka ta faɗo jiƙe sharkaf.

"Kai da ka gina rumbu ya hi hamsin, ka taɓa aza shi bisa ƙasa? Ina duwatsun da kaka sa mishi? Ka toshe mata hanci, ta ina za ta sha iska?"

Kunya ta kama Halliru, amma kunyarsa ba ta wuce rabin yini. Da la'asar ya aro jak wurin Ishaq direba, ya fasa yaɓen da hannunsa, ya ɗaga kwantenar kusurwa bayan kusurwa, ya aza ta kan manyan duwatsu tara, har kaza na ratsawa ta ƙarƙashi. Ya sake cire katakon ya shanya, ya bar ƙofa da taga a buɗe mako guda.

"Ta bushe, Inna. Wallahi ta bushe."

Inna ta shiga ciki da kanta. Ta ajiye kwalin ashana a kusurwar da ta fi ruɓewa, ta kulle ƙofa, ta ɗaure makullin a bakin zane. Kwana uku ana ruwa. Halliru na cika baki a majalisa, amma kullum sai ya zagaya ya leƙa kwantenar ta taga.

Ran na huɗu da hantsi ta buɗe, ta ɗauki kwalin, ta zaro tsinke ɗaya ta ƙyasta. Wuta ta kama tashi guda. Ta tsaya tana kallonta har ta kusa cin yatsanta.

"Tahi ka ɗauko su," ta ce. "Duka biyun. Ka riƙa da kyau, ubanka ko ni bai taɓa bari na ɗauka ba."