Numfashin Ladanin Daurawa

Duk wanda ya zauna a Daurawa ya san muryar Malam Zakariyya ladan. Idan ya ja kabbarar farko, sai mai shayi ya cika kofi ya miƙa, ladan bai dire ba. Shekara da shekaru shi ke kiran salla a masallacin unguwa, har masu adaidaita sahu da ke fita Gyaɗi-Gyaɗi sukan ce su kam ba ruwansu da agogo.

Sai korona ta kwantar da shi. Ya tashi kam, da yake da sauran kwana a gaba, amma numfashinsa bai taso tare da shi ba. Daga ɗaki zuwa soro sai ya dafa bango yana haki kamar wanda ya ɗauko buhun masara. Ranar da ya gwada kira, tari ne ya fita ta lasifika, kowa ya ji. Wallahi ranar sai da ya yi hawaye, don kunya da takaici.

Matarsa Saratu, baiwar Allah, ta rantse sanyi ne ya kama masa ƙirji. Kullum sai ta rufe ƙofa da taga, ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa sassaƙe-sassaƙe, ta lulluɓe shi da bargo ya shaƙa. Ita nan jinya take yi. Tari kuwa sai abin da ya yi gaba.

Maƙwabciyarsu Rifkatu, mutuniyar Kudancin Kaduna, ma'aikaciyar asibiti ce. Wata rana ta shigo, hayaƙi ya tare ta tun daga tsakar gida.

"Haba Maman Maryam! Huhun da ya sha wuya ne za ki ƙara wa hayaƙi?"

"Haka muka taso muka ga ana yi," in ji Saratu, tana tura baki.

"To wannan ciwon ba irin wanda muka taso muka gani ba ne. Don Allah ki kashe wutar nan."

Ita ta matsa har aka kai shi wurin likita. Aka duba ƙirji, aka koya masa shaƙar iska ta hanci da fitar da ita a hankali ta tsukakken baki. Aka ce ya riƙa tattaki kaɗan-kaɗan, in ya gaji ya zauna. Aka kuma haɗa shi da gorar ruwa da siririn tiyo, wai ya riƙa hurawa. Dattijo da furfura, zaune a soro yana tayar da kumfa a gora! Masu wucewa na ƙunshe dariya. Ko a jikinsa.

Ana haka Alhaji Faruk, shugaban kwamitin masallaci, ya zo dubiya. Ya yi ta kwana-kwana kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Malam, ka yi iya yinka. Masu riƙon ƙwarya sun gaji, yau wannan gobe wancan. Kafin azumi za mu naɗa wani."

"Alhaji, ku ba ni zuwa ƙarshen Sha'aban. In na kasa, da bakina zan ce ku naɗa."

Daga ranar ya ɗaura ɗamara. Tattakin da ya fara daga bakin ƙofa ya kai shi har titi. Haki ya ragu. Amma da zarar ya shiga ɗaki ya gwada jan kiran nan nasa na da, sai numfashi ya tsinke a tsakiya. Ya sake, ya tsinke. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya daina yi wa kowa magana.

Rifkatu tana jin sa ta katanga. Da suka haɗu a ƙofar gida ta rusuna ta gaishe shi, sannan ta ce, "Malam, ni ban san ƙa'idar kiranku ba, tambaya ce kawai. Dole ne sai an ja shi da tsawo haka?"

 Ba dole ba ne, ya fi kowa sani. Jan nan ado ne, shi ne kuma abin da ake yabonsa da shi, kuma rabuwa da shi ta fi masa ciwon zafi. Ya shige gida.

Ranar ƙarshe ta Sha'aban, da Azahar, ya tsaya gaban lasifika, Alhaji Faruk na gefe. Ya kai yatsu kunne ya yi kabbara, gajeruwa, ba ja ba ƙawa. Mutane a waje suka ɗaga kai, wasu ba su ma gane muryar ba. Ya yi shahada. Da ya zo "Hayya alas salah" sai ƙirji ya riƙe. Shiru. Unguwa duka na jin hucin numfashinsa.

Alhaji ya matso zai karɓa. Malam Zakariyya ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba. Ya shaƙa ta hanci, ya saki a hankali, ya ɗora daga inda ya tsaya. Kalma bayan kalma, har "La ilaha illallah."

Ya zauna dirshan, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Sannu Malam," in ji Alhaji, murya ƙasa-ƙasa. "Amma fa ba kamar na da ba."

"Na da ya tafi, Alhaji. Wannan ne nake da shi." Ya goge fuska da hularsa. "La'asar ma ni zan kira."