Motar Ikrima a Hanyar Amalanke

Ikrima ɗan ƙanena ne, gyaran waya yake yi a Rijiyar Zaki. Da Allah ya hore masa ya sayi mota, 'yar ƙarama ja, sai ya lura motocin samarin unguwar duk a durƙushe suke, cikinsu na neman shafar kwalta. Shi ma ya kai tasa gareji aka yanke mata sifirin, ta sauko ƙasa. Ya kawo ta gida Dawakin Tofa yana washe baki.

Na zaga ta, na leƙa ƙarƙashinta, na ce, "Allah ya sanya alheri. Amma ban taɓa ganin wanda ya sayi jaki ya rage masa ƙafa ba."

Ya ce, "Baba Nababa, yanzu haka ake yayi."

Ba a jima ba mota ta fara ƙorafi. In ta faɗa ɗan rami sai ka ji ƙwam har cikin haƙoranka. In ka saki sitiyari sai ta nufi hagu kamar tana da dangi a can. Tayoyin gaba kuwa ta gefen ciki suke cinyewa. Ya mayar da ita wurin Kamilu, bakaniken da ya yi aikin. Kamilu ya auna, ya gano sifirin hagu ya fi na dama gajarta, sai ya rage na daman don su daidaita. Janyewa ta ragu, mota kuma ta ƙara sauka. Ya daidaita tayoyi, ya ce ƙarar nan shokazoba ce ke kaiwa ƙarshe tunda ba ta da sauran wurin motsi. Ikrima ya ce to a mayar da ita yadda take. Kamilu ya ce abin da aka yanke ba ya komawa, sai dai a samo wasu sifirin, kuma irin nata sai an bincika. Kafin nan ya yayyanka tsohuwar taya ya cusa a tsakanin sifirin, ta ɗan ɗago. Suka gwada ta a kan kwalta, su biyu kacal a ciki, suka ce ta yi.

Ana cikin haka lokacin Raudatu ya matso. Ita ce matar Ikrima, cikin fari ne, za a kai ta goyon ciki gidan iyayenta a wani ƙauye bayan Kunci. Ƙafafunta sun kumbura, malamar asibiti ta ce kada ta yi doguwar tafiya a ƙasa, kada a ɗora ta a babur, kada kuma a jijjiga ta. Na ce a nemi wata motar. Ikrima ya ce yana da mota matarsa ba za ta shiga ta wani ba. Na ƙyale shi. Yaro in ya ɗauko maganar matarsa, ka bar shi.

Da hantsi muka kama hanya. Ni aka sa na raka su, don Ikrima ba zai iya haɗa ido da surukansa ba, sai ƙanwata Kaltume da za ta miƙa yarinya hannun mata. Kaltume kuwa Allah ya yi mata jiki. Ga buhun gero a but, ga manja, ga ƙullin kanwa. Tana zama a baya motar ta yi ƙasa, taya ta fara gogar jiki, ƙiii.

Ikrima ya ce, "Gwaggo, ko za ki dawo gaba?"

Ta ce, "Au, ni ce na yi mata nauyi? Ka je ka gurgunta mota sannan ka ɗora min laifi, ɗan nema."

Ta dawo gaban tana mita, ni na koma baya can gefe. Ƙarar ta ɗauke. Na sa shi ya rage iskar tayoyi kaɗan don tafiyar ta yi laushi, muka bi a hankali. Raudatu ta jingina da filo, mayafi a fuska.

Har muka wuce Kunci lafiya lau. Sai muka sauka kan hanyar ƙauyen, wadda amalanken shanu suka fi bi. Tayoyinsu sun haƙa kwari biyu, tsakiya ta yi doro. Na ce ya ɗora ƙafar hagu a kan doron, ta dama a waje, kada ya yarda ya faɗa kwarin. Hakan ya yi, muka yi nisa. Amma ƙasar nan babu inda ake bari fili. Da muka hango rufin gidajen, gonaki suka matse hanya, shuka har bakin kwari. Ya mayar da tayoyi cikin kwarin, ba mu yi wata tafiya ba muka ji salansa ta daki ƙasa. Mota ta zauna a kan doro. Raudatu ta dafe ciki ta ce, "Wash."

Muka fito ni da Ikrima muka duba. Baya za ta koma in an tura, gaba kuwa doron ƙara tsayi yake. Dama kargo ne da kwazazzabo, hagu gyaɗa ce ta yi shar, layi guda a miƙe har bakin gari. In ba a kan layin nan aka ɗora taya ba, babu wucewa. Gidan kuma ya fi ƙarfin ƙafar Raudatu, ga rana ta fara zafi.

Kaltume ta leƙo ta taga ta ce, "A taka mana, in ya so a ba mai gonar haƙuri."

Raudatu ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, gonar Baba ce."

Sai a lokacin muka lura da shi, can tsakiyar gona a duƙe yana cirar ciyawa. Malam Muhammadu Sani, surukin Ikrima. Ikrima ya zagaya bayan mota ya tsuguna, wai yana duba taya. Shi ma dattijon ya gan mu sarai, amma Raudatu 'yarsa ce ta fari, ko sunanta ba ya faɗa, balle ya zo ya tsaya a kanta da ciki.

Na cire takalmi na bi ta tsakanin shuka na same shi. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka yi maganar ruwan bana da tsadar taki. Bai dubi hanya ba ko sau ɗaya.

Na ce, "Malam, wasu baƙi ne motarsu ta zauna a can. Akwai mai lalura a ciki, ba ta iya tafiyar ƙasa."

Ya ce, "Ayya. Allah ya sawwaƙe."

Ya kakkaɓe hannu, sannan ya ce, "Ka ga layin can na bakin hanya? Dama ba ya yi mini komai. Awaki ne ke cinye shi duk shekara. Tun jiya nake cewa zan cire."

Na dubi layin. Duk gonar babu wanda ya kai shi kyau. Na ce, "Gaskiya ne, Malam, na ga alama."

Ya ɗauki garmarsa ya fito bakin hanya, ya ba motar baya. Ya fara tuge gyaɗar yana jefawa cikin gona, yana baje ƙasar. 'Ya'yan ba su ko ƙosa ba, farare tas. Ni da Kaltume muka tura mota baya ta sauka daga doron. Ikrima ya shiga, kansa a sunkuye har yana neman taɓa sitiyari, ya ɗora ƙafar hagu inda aka baje, ta dama a kan doro. Dattijo na gaba yana tugewa, mota na biye da shi a giya ɗaya, mu muna bin ta a ƙasa. Ko ƙwam ɗaya ba a ji ba.

Kaltume ta matso kusa da taga ta ce, "Ikrima, ka ɗago kai mana, kada ka take mutumin."

Bai ɗago sosai ba, amma bai take shi ba.

Da layin ya ƙare a gindin wata kuka, hanya ta buɗe. Malam Muhammadu Sani ya saɓa garmarsa, ya ratse ta bayan kukar ya koma gona, bai waiwayo ba. Ikrima ya kai motar har ƙofar gida, ya tsayar da ita daf da zaure. Mata suka fito da lale marhabin. Kaltume ta buɗe ƙofa ta kama hannun Raudatu, ta sauko da ƙafafunta a hankali, suka shige ciki.