Jatau a Bakin Rijiya

Ni tun farko ban so zancen fim ɗin nan ba, Allah ya gani. Mutum yana fama da abin da zai zuba a randa, wai a zo a ɗauki hotonsa! Amma Malam Zubair, limaminmu, ya aiko cewa baƙuwa ce daga Katsina, sunanta Lubna, tana tattara labarin waɗanda rikicin daji ya taɓa don duniya ta gani. To wa zai ce wa liman a'a?

Ƙauyenmu yana can bayan Barkiya. Famfonmu ya mutu shekara biyu ke nan, rijiyoyin cikin gari kuwa da rani sai laka. Guda ɗaya ce mai ruwa, tana bakin fadama, a hannun mutanen daji. Su ne suka shigo mana bara waccan, suka kashe mutum bakwai har da maigidana Ummaru, suka kora shanu. Sai da muka sha ruwan kududdufi yara suka yi ta gudawa, sannan liman ya yi ta kai da kawowa har aka yi sulhu. Sharaɗi biyu aka gindaya: mu ɗebi ruwa daga asuba zuwa hantsi, su kawo shanu bayan azahar, kuma kada wanda ya tada maganar abin da ya wuce. Ran da aka tada, ran nan rijiya ta haramta gare mu.

Lubna yarinya ce mai kirki, ba zan ci haƙƙinta ba. Da na ba ta labarin Ummaru har hawaye ta yi. Sai dai ta zo da wata dabara, wai a haɗa mu da makiyayan lokaci guda a bakin rijiya, a ga mata na ɗiba shanu na sha, duniya ta shaida an zauna lafiya. Liman ya yi ta kame-kame, kunyar baƙuwa ta hana shi faɗa mata gaskiya. Alhali ko yaron goye a garinmu ya san dalilin raba lokacin nan: don kada wani ya yi ido huɗu da dabbarsa.

Haka dai aka sa rana, makiyayan ma suka amince. Ranar muka jeru da jarkoki, Lubna ta kafa na'urarta, sai ga shanu sun ɓullo. Atiku ke gaba, babban makiyayan, mazansa biyar a baya. Ina cikin jan guga na hango wani jan sa, hancinsa a huje, ga kantar karkiya a wuyansa. Shanun daji ba sa jan garma, balle a huda musu hanci. Innalillahi! Jatau ne, san huɗar Ummaru, wanda na yi shekara shida ina dama wa dusa da kanwa.

Na sunkuyar da kai, na ja mayafi. Ina! Dabba ba ta san sulhu ba. Ya ratso garken nan ya zo ya tura hancinsa cikin tafin hannuna yana huci, kamar yadda yake yi kullum in na fito da ƙwarya.

Fatu maƙwabciyata ta saki guga ya faɗa rijiya. Atiku ya tsaya, ya dogara sandarsa, ya zuba mini ido. Liman kuwa leɓensa kawai ke motsi.

Ita baiwar Allah Lubna ba ta san dawan garin ba, murna ma take yi. Ta matso da abin maganarta tana dariya.

"Kai, Inna Larai, ji yadda yake son ki! Kin san shi ne?"

Wallahi na so in ƙwala ihu. Na so in ce nawa ne, ga wanda ya kora shi nan tsaye, a tambaye shi ina mai shi. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Sai na dubi layin jarkokin nan, sun fi arba'in, kowace da gidan da ke jiran ta.

Na ce, "Ban san shi ba, 'yar nan. Ƙishi yake ji."

Na juye masa gugana a kwami, ya sha, na ƙara masa. Atiku ya kau da kai ya daka wa shanu tsawa. Jatau ya ƙi tafiya. Sai da suka sa masa sanda, yana tafe yana waiwaye, ni kuwa ina ɗaure bakin jarka kamar ba ni ba.

Da la'asar Lubna ta shigo gidana, idanunta sun yi ja, ashe Fatu ta fesa mata. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yafe mini. In kin yarda in sa gaskiyar a fim ɗin, duniya ta san abin da aka yi miki."

Raina ya ɓaci, na ce, "Duniya za ta kawo mana ruwa gobe da safe? Ki bar shi yadda na faɗa."

Ta tashi ta tafi. Sai da na ji ta fita zaure sannan na shiga ɗaki na toshe bakina da zane, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka binne Ummaru.