Ƙofar da Dogo Ya Kulle

Oga ya leƙo ɗakinmu ko sallama babu. "Malama, masana'antar nan da ke cikin manhajar asibiti, ki cire ta yau. Zagaye ne kawai."

Manhajar gadonta na yi daga Dogo, abokin aikinmu da ya bar kamfanin. A tsarinsa, mai rubuta manhaja bai isa ya ƙirƙiri takardar magani kai tsaye ba. Ya kulle wannan ƙofar gam. Sai dai ka miƙa bayanan mara lafiya ga wani sashe da ya kira masana'anta, ita ta haɗa takardar ta miƙo maka. Ko layi ɗaya na bayani bai bari ba, mutumin nan da magana kamar ana cire masa haƙori.

Ni kuwa Allah ya zuba min son sanin ƙwaƙwaf. Mutum mai ƙyuya irin Dogo ya zauna ya yi ƙarin aiki haka kawai? Ina! Akwai dalili.

Na kwafi manhajar gefe, na buɗe ƙofar don gwaji. Mu dai in za mu gwada abu, bayanan 'yan gidanmu muke zubawa, su ne a kanmu. Na sa na autata, wadda ko yaye ta ban yi ba.

Da na bi ta masana'anta, sai da aka tambayi nauyin yarinyar, maganin ya fito ɗan kaɗan daidai ita. Na sake ta ƙofar da na buɗe. Ba a tambaye ni komai ba. Takarda ta fito tsaf, da sunan 'yata a sama, a ƙasa kuma adadin da ake ba babban mutum.

Ashe a masana'antar kaɗai ake lissafin nauyi, shi ya sa ya hana kowa bi ta gefe.

Na kira Oga, na juya masa allon. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba autarki ba ce?"

"Ita ce, ranka ya daɗe. Kuma asibitin da nake kai ta ne zai fara amfani da manhajar."

Ya jawo kujera ya zauna. "Mayar da kullen," ya ce a hankali. "Ni ma can nake kai nawa."